Daga Ƙarin Kunama zuwa Famfon Feshi: Hanyoyin Inganta Maganin Ƙwarin Gona da Ake Sarrafawa daga Dafi

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi magungunan ƙwarin gona da ake samarwa daga dafin gizo-gizo da na kunama, ta kuma nemi dalilin da ya sa 'yan ƙalilan ne suka shiga kasuwa duk da cewa an haura shekara 50 ana bincike a kansu. Hujjar da aka kafa ita ce ƙarfin dafi ya wadatar tun tuni. Abin da ya gagara shi ne isar da shi cikin jikin ƙwaro bayan an fesa a kan ganye. An bibiyi dabarun da aka gwada don warware wannan, wato haɗa dafin da ƙwayar Bt, ɗaura shi a kan furotin mai ratsa hanji, ɗora shi a kan bairos ko fumfuna, da dasa shi a cikin shuka. Daga nan aka auna su da halin da manomin Arewacin Nijeriya da Kudancin Nijar yake ciki.

1.0 Gabatarwa



Duk wanda ya shiga gonar masara daga daminar 2016 zuwa yau ya san aikin tsutsar nan da masana ke kira Spodoptera frugiperda. Za ka ga ganye ya huhhuje a jere. In ka buɗe tsakiyar shukar sai ka tarar da tulin kashi jiƙaƙƙe, ita kuwa tsutsar tana can ƙasa ta lafe inda ruwan feshi ba ya kai mata da sauƙi. Asalinta daga nahiyar Amurka ne. A farkon 2016 aka fara tabbatar da ita a Afirka, a kudu maso yammacin Nijeriya da ƙasashen da ke maƙwabtaka, kafin shekara biyu kuma ta game yawancin ƙasashen kudu da Sahara. A 2016 ɗin dai ƙwaron tumatir Tuta absoluta, wanda manomanmu suka raɗa wa suna sharon, ya cinye gonakin rani a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir a watan Mayu.

Manomin da ya ga haka ba shi da wata dabara sai ya ƙara feshi, ya ƙara yawan murfin da yake zubawa a famfo, ya gauraya magani biyu ko uku. Sakamakon ba ɓoyayye ba ne. A duniya an tabbatar da nau'in ƙwari fiye da 500 da suka daina jin aƙalla magani ɗaya. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan sinadarin dikulobos, wato fiya-fiya, da ake samu a cikinsa. A 2018 kuma ta haramta amfani da magunguna uku na dangin niyonikotinoyid a fili, ciki har da imidakulofirid, saboda illarsu ga ƙudan zuma. Ke nan tsofaffin magunguna suna raguwa ta fuska biyu, ƙwaro yana bijire musu, hukuma kuma tana janye su. Wannan ne ya mai da hankalin masu bincike ga halittun da suka daɗe suna kashe ƙwari tun kafin ɗan Adam ya fara noma.

2.0 Abin da ke cikin dafi

An san nau'in gizo-gizo fiye da 50,000, kuma kusan dukkansu da dafi suke kama abincinsu, wanda mafi yawansa ƙwari ne. Dafi ba sinadari ɗaya ba ne. Gauraye ne na ƙananan furotin da ake kira feftayid, kuma a dafin gizo-gizo guda ana iya samun fiye da 1,000. Kowane feftayid yana da ƙofar da yake nema a jijiyar abin da aka harba. Jijiya tana aika saƙo ne ta wasu 'yan ƙofofi da gishirin sodiyam da na fotashiyam da na kalsiyam ke shiga da fita ta cikinsu. Wani feftayid yakan toshe ƙofar, wani ya hana ta rufuwa, ko wanne aka yi jiki ya shanye.

Abin da ya ba lamarin daraja shi ne ƙofofin jijiyar ƙwaro sun ɗan bambanta da na mutum da dabba. A 1971 Eliahu Zlotkin da abokan aikinsa suka ware wani feftayid daga dafin kunamar sahara Androctonus australis, aka sa masa suna AaIT. Yana da amino asid 70, yana kama ƙofar sodiyam ta ƙwaro, bai damu da ta dabbobi masu shayarwa ba. Haka aka samu a gizo-gizon Ostireliya Hadronyche versuta, wanda cizonsa ke iya halaka mutum. Sinadarin da ke cutar da mutum a dafinsa daban ne. Wani kuma, Hv1a mai amino asid 37, ƙofar kalsiyam ta ƙwaro kawai yake toshewa. Glenn King, wanda yanzu yake Jami'ar Kwinsland, shi da ɗalibansa suka fi kowa aiki a kan wannan dangi.

Irin waɗannan feftayid na gizo-gizo suna da ƙira ta musamman. Gadoji uku na sulfa ne ke ɗaure zaren furotin ɗin, ɗaya ta ratsa ta cikin zoben da sauran biyun suka yi, sai ya zama ƙulli. Wannan ƙulli ne ke sa su jure zafi da sinadaran narkar da abinci fiye da yawancin furotin. Duk da haka furotin ne, idan sun faɗa ƙasa sukan ruɓe su koma amino asid, ba sa taruwa a ruwa ko a kitsen dabba yadda DDT ya yi.

Ya kamata a kawar da wani ruɗani tun nan. Ba tatsar gizo-gizo ake yi a zuba a kwalba ba. Ana ɗaukar ƙwayar halittar da ke ɗauke da umarnin ƙera feftayid ɗin, a saka ta a cikin yis, a rena yis ɗin a manyan tankuna, shi ne zai riƙa fitar da sinadarin. Ta haka kamfanin Vestaron na Amurka yake samar da Spear, maganin farko irin wannan da hukumar kare muhalli ta Amurka ta yi wa rajista a 2014. Sinadarinsa wani feftayid ne na Hadronyche versuta da masu bincike ke kira Hybrid. A 2018 kwamitin IRAC, mai rarraba magungunan ƙwari bisa yadda suke aiki, ya buɗe masa sabon rukuni, na 32, domin yana kama mazaunin asetilkolin a jijiya ta wani gefe da sauran magunguna ba sa kamawa. Ma'anar wannan ga manomi ita ce ƙwaron da ya daina jin tsohon magani ba lallai ya bijire wa wannan ba.

3.0 Katangar hanji

Tambayar ita ce: tun da an san AaIT tun 1971, me ya sa sai 2014 aka sami magani na farko?

Maharbanmu sun san amsar. Dafin da ake shafa wa kibiya sai ya shiga jini yake kisa, shi ya sa ake cin naman da aka harba da shi, a yanke wurin raunin kawai a yar. Haka dafin gizo-gizo da na kunama yake. An halicce shi tare da fiƙa ko ƙari da za su huda fata su zuba shi a ciki. Idan aka raba shi da wannan makami aka fesa shi a kan ganye, hanya biyu ta rage masa: fata ko baki.

Fatar ƙwaro tana da rufin kakin da ke korar ruwa, feftayid kuwa a ruwa yake narkewa, kuma ya fi ƙwayar maganin feshi na yau da kullum girma nesa ba kusa ba. Ga ƙananan ƙwari irin su farin ƙuda da tirifs ana iya samun biyan buƙata idan feshin ya yi laushi sosai ya lulluɓe su, shi ya sa nau'in Spear da ake kira Spear-T ya fara da gidajen renon shuka na gilashi da leda. Ga tsutsa kuwa sai ta baki, kuma nan ne wahalar take. Tsakiyar hanjin tsutsar malam-buɗe-littafi yana da kanwa-kanwa ƙwarai, ma'auninsa na pH yakan kai 9 zuwa 11. Cike yake da sinadaran da aikinsu shi ne daddatsa furotin. Akwai wani siririn mayafi da ke raba abinci da bangon hanji. Bayansa ga bangon kansa, ƙwayoyinsa a manne da juna. Feftayid ɗin da ya tsallake duk wannan ya faɗa cikin jinin ƙwaro, saura kuma ya ratsa kullin da ke kare jijiyoyi.

Wani bincike da Volker Herzig da abokansa suka wallafa a 2018 ya nuna girman matsalar da lamba. Sun gwada Hv1a a kan wani ƙuda mai addabar tumaki a Ostireliya, suka tarar ƙarfinsa ta baki ya gaza na allura sau 91. Sai suka yi abin da kowane masanin sinadarai zai fara tunani, suka haɗe kan zaren feftayid ɗin da wutsiyarsa ya zama zobe, don kada sinadaran hanji su sami bakin kamawa. Abin da ya fito ya saɓa wa zato. Zoben ya fi na asali rauni ta baki, domin ya fi shi jinkirin ratsa bangon hanji. A ganina wannan sakamako ya fi nasarori da yawa amfani, saboda ya nuna inda ƙoƙari ya kamata ya tafi. Ƙara wa feftayid tauri ba ya wadatarwa muddin ba a sama masa mashiga ba.

Akwai 'yan feftayid da suke da ƙarfi ta baki tun asali. A 2013 Margaret Hardy da abokanta suka ware OAIP-1 daga wani babban gizo-gizon Ostireliya, Selenotypus plumipes, ya kuma kashe tsutsar auduga Helicoverpa armigera ta hanyar ci. Darasin da ke ciki na tsarin aiki ne: sun same shi domin tun farko ciyar da ƙwari suka yi da dafin. Yawancin binciken da ya gabata da allura ake tantancewa, don haka abin da ya fi ƙarfi ta allura ake zaɓa, ko da ba zai taɓa aiki a gona ba.

4.0 Dabarun isar da dafi

4.1 Haɗa shi da Bt

Dabarar da ta fi sauƙi ita ce ta riga ta shiga kasuwa. Ƙwayar bakteriya Bacillus thuringiensis, wadda aka fi sani da Bt, tana fitar da furotin da ke huda bangon hanjin tsutsa. Idan aka gauraya ɗan kaɗan na Bt da feftayid ɗin a tanki ɗaya, Bt ya huda, dafi ya bi ta hujin ya kai ga jijiya. Haka ake amfani da wani nau'in Spear ɗin, Spear-Lep, a gonakin 'ya'yan itace da kayan lambu a Amurka, kuma ana iya girbi a ranar da aka yi feshi. Sai dai an jingina sabon magani ne a kan tsoho, Bt kuwa bai fi ƙarfin bijirewa ba. Tsutsar kabeji Plutella xylostella ta bijire masa a gonakin Hawayi tun wajen 1990, tsutsar masararmu ma ta bijire wa furotin Cry1F a tsibirin Fotoriko. Duk wanda zai kawo wannan haɗi yankinmu dole ya gwada shi a kan tsutsar da ke gonakinmu.

4.2 Ɗaura shi a kan furotin mai ratsa hanji

A Jami'ar Durham ta Ingila, Elaine Fitches da John Gatehouse sun lura cewa wani furotin na furen Galanthus nivalis, wanda ake taƙaitawa GNA, ba ya narkewa a hanjin ƙwaro. Yakan manne wa bangon hanji ya ƙetare zuwa jini. Sai suka haɗa ƙwayar halittarsa da ta dafi, yis ya fitar da su a matsayin furotin guda. Sun yi haka da dafin gizo-gizo Segestria florentina, da na jar kunamar Indiya, sannan da Hv1a. A rahotonsu na 2012, tsutsar Mamestra brassicae da ta ci Hv1a shi kaɗai ba ta damu ba, wadda ta ci haɗin kuwa ta daina girma ta mutu, aka kuma gano haɗin a jikin jijiyoyinta. A 2014 masu bincike a Jami'ar Niyukasil suka ciyar da ƙudan zuma wannan haɗi, suka ga ɗan kaɗan ya shafi rayuwarsa, bai kuma shafi iya koyonsa da tuna ƙamshi ba.

Wani ɗan gyara da aka yi a nan ya cancanci ambato, domin yana nuna irin aikin da ake nufi da ingantawa. Yis ɗin da ake renon haɗin a cikinsa yana da wani sinadari da ke yanke shi gida biyu a wani wuri takamaimai. Da aka musanya amino asid ɗaya tak, na 34, sai yankan ya ragu, aka riƙa samun haɗin cikakke da yawa ba tare da dafin ya rasa ƙarfinsa ba. Irin wannan ƙaramin aiki ne ke sauko da farashi.

Ga darɓa, wadda ba ta cin ganye sai dai ta tsotsi ruwan shuka, Bryony Bonning da abokanta a Amurka sun bi wata hanya a 2014. Sun ari rigar wani bairos na shuka wanda ya saba ratsa hanjin darɓa, suka ɗaura masa Hv1a.

4.3 Ɗora shi a kan halitta mai rai

Wannan ce dabarar da na fi ba muhimmanci, domin ita ta fi kusa da mu.

An fara da bairos. Dangin bakulobairos ƙwari kawai suke kamawa, aibinsu shi ne jinkiri: tsutsa takan yi kwanaki tana ci kafin ta mutu. A 1991 ƙungiyoyin bincike fiye da ɗaya suka saka ƙwayar halittar AaIT a cikin bairos ɗin, lokacin kisa ya ragu. A 1994 Jenny Cory da abokanta suka wallafa gwajin fili da suka yi a kan kabeji kusa da Okusfod, inda ɓarnar ganye ta ragu idan aka kwatanta da bairos na asali. Sun kuma ga tsutsotsin da jikinsu ya shanye suna faɗowa daga kan shuka, abin da ke rage yaɗuwar bairos ɗin bayan ya gama aiki. Manyan kamfanoni sun gwada wannan a shekarun 1990, amma bai kai ga kasuwa ba. Shukokin Bt sun fito a daidai lokacin, adawa da halittun da aka sauya wa ƙwayar halitta kuma ta yi ƙarfi a Turai.

Fumfuna ta fi bairos wani abu guda: ba ta buƙatar a ci ta. Ƙwayar Metarhizium idan ta sauka a jikin ƙwaro takan tsiro, ta huda fata, ta shiga jini da kanta. Ke nan ta maye gurbin ƙarin da aka raba dafin da shi. A 2007 Chengshu Wang da Raymond St. Leger suka saka AaIT a cikin Metarhizium anisopliae, suka kuma ɗaure shi da wani makunni da ba ya tashi sai fumfunar ta shiga jinin ƙwaro, ta yadda ba ta fitar da dafin a ƙasa ko a kan ganye. Ƙarfinta a kan tsutsar taba Manduca sexta ya ninka sau 22, a kan sauro Aedes aegypti kuma sau 9.

An gwada wannan dabara a Afirka ta Yamma. A ƙauyen Soumousso kusa da Bobo-Dioulasso a Burkina Faso, masu bincike na cibiyar IRSS, ciki har da Abdoulaye Diabaté da Etienne Bilgo, tare da Brian Lovett da St. Leger na Jami'ar Meriland, sun gina wani babban keji na raga mai bukkoki da tsirrai da kududdufai a ciki. Suka ɗauki fumfunar Metarhizium pingshaense ta yankin, suka saka mata Hybrid, wato feftayid ɗin da ke cikin Spear. Suka dama ƙwayoyinta da man riɗi, suka shafa a baƙin ƙyallen auduga, suka rataya a bangon bukka inda sauro ke sauka ya huta. An saki sauro 1,500 a ɗaki. Bayan kwana 45 guda 13 suka rage. An wallafa wannan a mujallar Science a 2019. Sauro ba ƙwaron gona ba ne, amma a lura da kayan aikin: man riɗi da baƙin ƙyalle, abubuwan da ke kowace kasuwar ƙauye.

A fannin noma kuwa muna da tarihin da ya kamata mu riƙa tunawa. Bayan annobar fara ta ƙarshen shekarun 1980 aka kafa shirin LUBILOSA a 1989, da hannun cibiyoyin CABI da IITA da CILSS. Irin fumfunar Metarhizium acridum da ya zama maganin Green Muscle daga jikin wata fara aka samo shi a Nijar, kuma an yi manyan gwaje-gwajensa a yankin Maine-Sorowa. Ba ya taɓa tsuntsu ko dabba ko ƙudan zuma. An yi amfani da wannan fumfuna sosai a Somaliya lokacin farar 2020. Ƙorafin da ake yi a kanta ɗaya ne, jinkiri: takan ɗauki mako ɗaya zuwa uku. Fara kuma tana da wayo, idan ta kamu sai ta fito ta shanya jikinta a rana har zafinsa ya wuce abin da fumfunar ke iya jurewa. Manomin da yake kallon fara tana cin geronsa ba zai jira mako biyu ba. A 2014 Weiguo Fang da King da St. Leger suka saka dafi iri huɗu a cikin wannan fumfuna. Haɗin AaIT da Hybrid ya fi kowanne, ya rage lokacin kisa da kashi 43 cikin 100, ya rage abin da farar ke ci da kashi 78 cikin 100, kuma fumfunar ba ta fara kama wasu ƙwari da ba dangin fara ba.

A nan akwai abin da mai bincike a Amurka ko Sin ba lallai ya tuna ba, mu kuwa ba za mu manta ba: fara abinci ce a wurinmu. Ana soya ta da yaji a Kano da Maiduguri da Maraɗi da Damagaram, mata da yawa da ita suke riƙe gida. Farar da aka kashe da maganin feshi ta riga ta zama haɗari a kasuwa. Feftayid ɗin da ba ya kama jijiyar mutum zai iya zama sauƙi a wannan fuska, amma sai an gwada shi a kan farar da aka tafasa aka shanya aka soya yadda muke yi, an kuma bayyana wa jama'a sakamakon da harshensu.

Kafin in bar wannan sashe, manoman gero a Nijar sun riga sun fara amfani da dafi ba tare da an taɓa ƙwayar halittar komai ba. Ƙaramin zanzaron nan Habrobracon hebetor yakan harbi tsutsar zangarniyar gero, jikinta ya shanye, ya saka ƙwai a kanta. Masu bincike na INRAN da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi da ICRISAT sun koya wa ƙauyuka rataya 'yan buhunan algarara masu ɗauke da gero da tsutsar renon zanzaron da matansa, su hayayyafa su bazu cikin gonaki. Wannan hanya tana aiki, tana da arha, kuma duk maganin da za a kawo dole a tabbatar ba zai kashe wannan zanzaro ba.

4.4 Dasa shi a cikin shuka

A 2006 masu bincike a Faisalabad ta Pakistan suka samar da taba mai fitar da Hv1a, ta kuma kashe tsutsar auduga. Ta fuskar fasaha abin mai yiwuwa ne. Nijeriya ma ta saki waken SAMPEA 20-T mai Bt a Disambar 2019 daga Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, don maganin tsutsar Maruca, ta kuma saki masarar TELA a 2024. Amma mun ga irin muhawarar da waɗannan suka tayar. Ban ga hikimar fara wannan tafiya da cewa mutane su ci waken da ke ɗauke da ƙwayar halittar kunama ba. A fara da abin da ake fesawa ko ake ratayawa. In ana son gwada shuka, auduga ta fi dacewa.

5.0 Awo da ma'aunin manominmu

Maganin da aka ƙera don mai gonar almon a Kalifoniya ba lallai ya dace da mai kadada ɗaya a Ɓagwai ko Madarunfa ba. Abu na farko farashi. Renon yis a tanki da tace furotin suna da tsada, manominmu kuwa da 'yar kwalba ko ƙullin leda yake sayen magani a kasuwar mako. Muddin feshi ɗaya na sabon magani ya ninka na tsoho sau da yawa, ba zai saya ba ko da an yi masa wa'azin muhalli. Wannan ne babban dalilin da ya sa nake fifita fumfuna: ana renonta a kan dafaffiyar shinkafa ko wani hatsi, ita ke ƙera dafin da kanta a cikin ƙwaro, ba sai an tace komai ba.

Na biyu zafi da rana. Shagon mai sayar da magani a watan Afrilu, ƙarƙashin rufin kwano, yakan wuce digiri 40. Feftayid mai ƙulli yana da juriya, amma Bt da bairos hasken rana na lalata su cikin 'yan kwanaki a kan ganye, ƙwayar fumfuna ma ba ta son zafi da laima a ajiya. LUBILOSA ta rage wannan matsala ta hanyar busar da ƙwayoyin sosai da dama su da mai maimakon ruwa. Aikin da ke gabanmu a nan na haɗa magani ne: wane mai, wane abin kare hasken rana, wace irin leda, kuma feshin yamma ko na asuba. Ba aiki ne mai kawo suna ba, amma ɗakunan bincikenmu za su iya yin sa da kayan da suke da su yau.

Na uku, wanda ya fi ci mini rai, shi ne dafin kansa. Kunamun dangin Androctonus da Leiurus suna nan a saharar Nijar, mutanen Agadas sun san harbinsu fiye da kowa. Feftayid ɗin AaIT daga dangin Androctonus ya fito, amma a Marsai da Ƙudus da Meriland aka yi aikinsa. Gizo-gizon da ke farauta a gonakin dawa da gero na yankinmu, waɗanda suka daɗe suna cin ƙwarin da ke damunmu, kusan ba a taɓa dafinsu ba. Yarjejeniyar Nagoya, wadda ta fara aiki a 2014, ta ba ƙasa haƙƙi a kan amfanin da aka samu daga halittunta. Haƙƙin ba ya amfanar wanda bai tattara ba, bai tantance ba, bai rubuta ba.

Akwai kuma hukuma. A Nijeriya NAFDAC ke rajistar maganin ƙwari, hukumar NBMA da aka kafa a 2015 kuma ita ke duba duk halittar da aka sauya wa ƙwayar halitta. A Nijar kwamitin magungunan ƙwari na ƙasashen Sahel, ƙarƙashin CILSS, shi ke ba da izini. Feftayid da aka tace daga yis da fumfuna mai rai da ke ɗauke da dafi abubuwa ne biyu mabambanta, haɗarinsu ba ɗaya ba ne, bai kamata a auna su da mudu ɗaya ba. Fumfuna mai rai tana iya yaɗuwa, don haka a yi mata irin kejin Soumousso kafin a kai ta fili, a duba ƙudan zuma da zanzaro da tsutsar ƙasa.

Saboda haka ina kira ga sassan nazarin ƙwari da na sinadaran halitta a Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri da Maraɗi da Yamai su haɗa hannu a kan aiki guda mai iyaka: a tattara kunamu da gizo-gizon yankinmu a tantance su, a gwada dafinsu ta hanyar ciyarwa tun daga matakin farko, a kan tsutsar masara da sharon da Maruca, sannan a nemi izinin gina keji ɗaya na gwaji da jami'o'in ƙasashen biyu za su riƙa amfani da shi. Asusun TETFund da ma'aikatun gona na jihohi su ɗauki nauyin shekarun farko, domin kamfani ba zai zuba kuɗi a kan abin da ba a riga an nuna yana aiki a gonarmu ba.